Jinkirin biyan haƙƙin marasa aiki: A littafin bashin ɗan kasuwa yake ƙarewa

Duk mai shago ko rumfa a Basunda, ko a kasuwar Gallabat da ke fuskantar Metema ta Habasha, yana da wani littafi da yake ajiyewa a ƙarƙashin tebur. A ciki aka rubuta wane ya ɗauki mudu biyu na dawa, wance ta karɓi suga da mai, za a biya "idan kuɗi sun fito". Ni a ganina wannan littafi shi ne asusun marasa aiki na gaskiya a ƙasar nan, kuma ɗan kasuwa ne ke ɗauke da shi shi kaɗai ba tare da kowa ya nemi shawararsa ba.

A shirin da nake gabatarwa a rediyo, masu bugo waya kan tambaye ni ofishin da mutum zai je idan aiki ya ƙare masa. Amsar ba daɗi. A Sudan babu alawus na wata-wata da doka ta tanadar wa wanda ya rasa aiki, irin na Ingila ko Jamus. Asusun fansho da inshorar ma'aikata yana karɓar kashi 8 cikin ɗari daga albashin ma'aikaci da kashi 17 daga wanda ya ɗauke shi aiki, amma tanadin na tsufa ne da naƙasa da rauni a wurin aiki da mutuwa. Dokar ƙwadago ta 1997 ta yi maganar kuɗin sallama, sai dai mai takardar ɗaukar aiki ne ya fi samun sauƙin tsayawa ya nema. To, leburan gona da ya yanke riɗi da dawa a gonakin Gadarif, kaka ta wuce ya zauna har damina, wace takarda gare shi?

Idan mai karatu bai manta ba, a watan Fabrairu na 2021 gwamnatin Abdalla Hamdok ta karya darajar fam, dala ta tashi daga fam 55 a farashin gwamnati zuwa wajen 375. Don rage raɗaɗi aka ƙaddamar da shirin Samarat da tallafin Bankin Duniya da wasu ƙasashe, aka yi alkawarin dala 5 ga kowane mutum a wata, ga kashi 80 cikin ɗari na al'ummar ƙasa. Gida mai mutum shida ke nan dala 30. Jama'a suka bi layin rajista, wanda ba shi da lambar ɗan ƙasa aka ce sai ya nemo ta tukuna. Ana cikin haka aka yi juyin mulkin 25 ga Oktoba, 2021, Bankin Duniya ya dakatar da kuɗinsa, shirin ya tsaya. Wanda ya ci bashi da sa ran kuɗin wata mai zuwa, a littafin wa bashin ya kwana?

Daga baya yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023. Malaman makaranta da sauran ma'aikatan gwamnati suka yi watanni ba albashi, ga 'yan uwa da suka gudo Gadarif daga Khartum, sannan daga Wad Madani a Disambar 2023. A Fabrairun 2024 layukan waya suka ɗauke, mai kuɗi a Bankak ya koma kallon wayarsa kamar wanda bai da ko sisi. A Disambar 2024 kuma aka zo da canjin takardun fam 500 da 1,000, aka ce sai ta asusun banki. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya ƙara shafi a littafin nan.

Wani zai ce, ai da babu gara ba daɗi, ko an jinkirta in dai za a biya shi ke nan. Ɗan kasuwa ya fi kowa sanin ba haka ba ne. Idan ka ba da buhun suga bashi, aka biya ka bayan wata huɗu da farashin ranar da aka ɗauka, kuɗin ba za su sake sayo maka buhun ba. Lissafi ya cika a takarda, jari kuwa ya ragu. Wani kuma zai ce ƙasa na cikin yaƙi, baitulmali ba kuɗi. Na yarda. Amma faɗa wa mutane gaskiyar ranar biya, da manna sunaye a bango, ba sa cin ko fam ɗaya.

Saboda haka ga abin da nake ganin ya dace. Na farko, 'yan kasuwa da manoman jihar nan suna biyan zakka ga Diwanin Zakka bisa doka, don haka kwamitocin kasuwa suna da bakin da za su nemi a riƙa sanar da ranar rabo, a manna sunayen masu karɓa a fili, a kuma ba duk wanda ya miƙa buƙata takardar shaida mai lamba da kwanan wata. Na biyu, duk mai yara a shago ya tsaya tsayin daka su mallaki lambar ɗan ƙasa da asusun banki tun yanzu, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma ba a ranar rajista ake fara neman takarda ba. Na uku, wanda ya sallami yaronsa ya rubuta masa takarda mai nuna shekarun da ya yi, ya biya shi haƙƙinsa a ranar. Ba ya kyautu mu zargi hukuma da jan ƙafa alhali muna yi wa na ƙasa da mu irinsa. Na huɗu, a ware wani kaso daga adashin kasuwa don wanda aiki ya yanke masa tsakanin kaka da damina, a rubuta sharuɗɗa, a damƙa wa amintattu biyu ko uku.

Ban ce a rufe littafin bashi ba, domin da shi gidaje da yawa suka tsira da mutuncinsu a shekarun nan. Abin da nake cewa shi ne, mai riƙe da littafin ya cancanci kujera a duk inda ake tsara yadda za a biya talaka da ranar da za a biya shi. Shugabannin kasuwa, ku ne za ku je ku nemi kujerar. Allah Ya ba mu zaman lafiya, Ya sa mu dace, amin.