Ƙuri'a Ajiya Ce

Ya ku malamai da fatake, ku dubi al'amarin Alhaji Moshood Abiola, attajirin Abeokuta. Ran 12 ga Yuni 1993 jama'ar Nijeriya suka zaɓe shi, har a Kano ya rinjayi Bashir Tofa, ɗan gari. Soja suka soke zaɓen. Da ya nemi haƙƙinsa a 1994, Abacha ya ɗaure shi. Aka ce ya janye a sake shi, ya ƙi, har ajali ya riske shi a tsare a 1998.

Waɗansu sun ce taurin kai ne. A'a! Ƙuri'a ajiyar talakawa ce, wanda aka bai wa ajiya kuwa ba ya fansar kansa da ita. Allah ya jiƙansa. Wassalamu.