Kafin ka zagi matuƙin jirgi saboda hazo, zo ka gwada sauka a Kano

1/ Zare ne, ku yi haƙuri da tsawonsa. Duk hunturu sai na ga ana zagin matuƙan jirgi a nan: "wai ɗan hazo ne zai hana jirgi tashi?" Ni ma na yi wannan zagin. Abin da ya rufe min baki wasan tuƙin jirgi ne a laftop ɗin wani abokina. 🧵

2/ Bara yayata ta wuni a filin jirgin Abuja tana jiran jirgin Kano, da yamma aka ce an ɗage sai gobe. Na hau nan na zuba masifa son raina. Abokin nan nawa, wanda kullum yana kan X-Plane a ɗakinmu, ya ce: "Malam, zo ka sauke min jirgi a Kano, sai mu yi magana."

3/ Da farko ya ba ni Cessna 172, sama tas, iska shiru. Na sauka da ƙyar, amma na sauka. Har na fara cika baki. Sai ya canza min zuwa Boeing 737, ya mayar da nisan gani mita 800. Wallahi allon ya koma kamar an zuba kunu. Babu gari, babu titi, babu inda sama ta rabu da ƙasa.

4/ Mu yi lissafi. 737 na tunkarar sauka da gudun kusan kilomita 260 a awa, wato mita 70 da ɗoriya duk daƙiƙa. In mita 800 kake iya gani, tsakanin hango abu da isa kansa daƙiƙa 11 ne kacal. Kai a ƙasa kana cewa "ai ina ganin gidan maƙwabcinmu." To kai tsaye kake, shi ko fa?

5/ Akwai na'urar ILS, wadda ke nuna wa matuƙi ta siginar rediyo ko ya karkace hagu ko dama, ko ya yi sama ko ƙasa. Amma a matakinta na farko, in ka sauko ƙafa 200 daga ƙasa ba ka ga titi ko fitilunsa ba, doka ta ce ka ƙara wuta ka koma sama. Babu "bari in ɗan ƙara leƙawa."

6/ Ni kuwa na ɗan ƙara leƙawa. Sau uku. Sau ukun duk a gefen titi na ƙare. Abokina ya kashe dariya ya ce: "To fasinja nawa ka kashe yau?" Na yi dariya ni ma, amma maganar ta zauna min.

7/ Don abin ya faru da gaske. Ran 10 ga Disamba 2005 jirgin Sosoliso ya faɗi a Fatakwal cikin hadari, mutum 108 suka rasu, da yawansu 'yan makaranta masu tafiya hutu. Bincike ya nuna an ci gaba da saukowa bayan an wuce wancan matakin ba a ga titi ba.

8/ Damina kuma nata ya fi mugunta. Akwai iskar da ke zubowa daga cikin hadari ta daki ƙasa ta bazu. Da farko tana bugo ka ta gaba, gudu ya ƙaru, ka rage wuta. Sai ta danne ka daga sama, sannan ta juyo ta baya, fukafuki su rasa abin riƙewa. Duk a 'yan daƙiƙu, kana dab da ƙasa.

9/ Mu 'yan Arewa mun san zafin wannan. Ran 29 ga Oktoba 2006 jirgin ADC mai zuwa Sakkwato ya faɗi jim kaɗan da tashi daga Abuja. Mutum 96 suka rasu, har da Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido. Rahoton bincike ya ambaci wannan iska da kuma tashi cikin mummunan yanayi. Allah ya jiƙansu.

10/ Zafi ma matsala ne. A Afrilu, in Kano ko Maiduguri ta haura digiri 40, iska na yin sako-sako, inji da fukafuki ba sa samun yadda suke so. Ka gwada a wasan: jirgi ɗaya, kaya ɗaya, amma sai ya ci titi mai tsawo kafin ya ɗaga.

11/ To ga ra'ayina ga masu buga X-Plane ko Microsoft Flight Simulator: in kullum sama tas kake sawa, yawon buɗe ido kake yi kawai. Kunna yanayin gaske. In ba ka ga titi ba, koma sama. In ya ƙi, karkata zuwa wani filin, ka duba ko manka zai kai. Nan darasin yake.

12/ Na san wani zai ce wasa wasa ne. Gaskiya ne. Ina da maɓallin dakatarwa, babu rai ko ɗaya a bayana, kujerata ba ta motsi. A cikin gajimare na gaske kunnen mutum kan yaudare shi ya ji jirgi na miƙe alhali ya karkace. Ni ba matuƙi ba ne, masu koyo a kwalejin Zariya su ne 'yan hanya.

13/ Kuma ba na wanke kamfanonin jirgi. In an bar ka awa shida babu bayani, babu ruwa, babu maganar kuɗinka, yi ƙorafi da ƙarfi, haƙƙinka ne. Amma raba biyun. Wulaƙanta fasinja laifi ne. Matuƙin da ya ƙi tashi cikin hazo aikinsa ya yi.

14/ In kana zargin ƙarya ake maka, duba da kanka. Rubuta METAR da lambar filin a intanet: DNKN Kano, DNAA Abuja, DNMM Legas. Za ka ga nisan gani da mita. HZ hazo ne, DU ƙura, TS hadari mai tsawa. Kuma ka duba inda za ka sauka, don Abuja na iya zama garau Kano na rufe.

15/ Abin da ke ba ni tsoro shi ne matsin da muke yi. Ihu a zauren jira, zagi a intanet, wani babba yana kiran waya. Duk yana taruwa a kan mutum biyu da ke gaban jirgi, waɗanda ya kamata su iya cewa a'a hankali kwance.

16/ Yayata ta iso washegari da hantsi, ta rasa kamun ƙawarta, ta samu ɗaurin aure. Na goge abin da na rubuta a ranar. Masu buga wasan nan, ku sa mita 800 a DNKN yau da dare, ku dawo ku faɗa min gaskiya sau nawa kuka ga titi.