Zauren Iyali: In Yaro Ya Ce Zai Karanci Al'adu

Iyaye sukan damu in ɗansu ya ce zai nemi digirin dakta a ilmin al'adun al'umma. Sukan ce, "Ba zai raba shi da bangaskiyarsa ba?"

Mu dai mun ga amfaninsa. M. G. Smith ya yi bincike a ƙasar Zazzau daga 1949 zuwa 1950, ya sami digirinsa a Landan. Matarsa Mary kuwa ta rubuta labarin Baba ta Karo daga bakinta. Baba ta rasu a 1951, labarinta bai bi ta kabari ba.

Mai bishara ma ba ya shiga zuciyar mutanen da bai san al'adarsu ba. Ku bar yaron ya tafi, ku riƙe shi da addu'a. Ku kuma ce masa ya fara da kakarsa tun tana da rai.