KAKA TA YI, AJI YA WATSE: LAIFIN WA?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya saukar da ruwa, ya fitar da tsiro, ya nuna mana wata kakar muna raye. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya ku iyayen yara da ɗalibai, duk shekara da zarar an fara yankan gero wajen watan Satumba, aka ji ƙanshin tumu a gari, sai ajinmu na yamma ya fara ramewa. Kafin a kai ga yankan dawa a Nuwamba, rabin tabarmi babu kowa. Wasu suna gona wajen ɗaurin dami ko roron wake, wannan kam uzuri ne karɓaɓɓe. Wasu kuwa kowa ya san inda suke: filin dambe, ko dandalin kalankuwa, ko duk inda aka ji kalangu ya tashi.

Bara wani yaro nawa mai ƙoƙari, wanda ya sauke Ahalari ya shiga Ishmawi, ya yi kwana tara ban sa shi a ido ba. Ran da ya dawo hannunsa na dama a kumbure, ko alƙalami bai iya riƙewa. Na yi masa faɗa ƙwarai, na ce kada ya sake zuwa sai da babba. Washegari sai ga kakansa, dattijo mai furfura. Da muka gaisa ya ce, "Allah gafarta Malam, na ji laifin yaro, kuma na tsawata masa. Amma ina da tambaya. Yaron nan wata huɗu ya yi yana duƙe a gona. Yanzu an kai amfani gida, jini na tafasa. Kun ce kada ya je can. To, ina zai je?" Na ce, "Baba, ai ga makaranta." Ya yi murmushi ya ce, "Malam, makaranta awa biyu ce. Sauran yinin fa?" Wallahi ban sami amsa ba. Tun daga ranar nake juya maganar nan, ita ce ta sa na ɗauki alƙalami yau.

Ra'ayina a taƙaice shi ne: kuskure ne mu malamai mu haɗa duk al'adun kaka mu yi musu kuɗin goro, haka nan kuskure ne iyaye su saki yara su ce ai al'ada ce. Kamata ya yi mu yi wa al'adun nan abin da ake yi wa hatsi bayan sussuka, wato a sheƙe, tsaba ta koma rumbu, ƙaiƙayi ya bi iska.

Bari mu fara da tsabar. Ku dubi gayya, inda samarin unguwa suke taruwa a gonar mutum ɗaya, tsoho ne ko marar lafiya ko gonar masallaci, su gama masa aikin mako a yini guda, makaɗin gangar noma yana zuga su, ba a biyan kowa sai fura da tuwo. Wannan ba shi ne taimakon juna a kan alheri da muke karantarwa a aji ba? Ku dubi sana'o'in hannu da kaka take zuwa da su: saƙar zana da asabari, tufkar igiya, gyaran jinka, yaɓen rumbu, fafe duma da yi wa ƙwarya zane, ga mata da saƙar faifai. Yau a unguwa guda da ƙyar za ka sami yaro ɗaya da ya iya saƙa zana, kowa idonsa na kan waya. Ga kuma wasannin farin wata, langa ga maza, gaɗa ga 'yan mata a tsakar gida, da tatsuniya a bakin kaka. Wane ne a cikinmu bai koyi sarrafa harshe da kacici-kacici ba?

Ita ma kokawa asalinta ba abin ƙi ba ce. Ya zo a littattafan hadisi da sira cewa Annabi (S.A.W.) ya yi kokawa da Rukana ya kayar da shi. Ya inganta cewa ya yi tsere da Nana A'isha (R.A.), kuma ya bar ta ta kalli Habashawa suna wasa da masu a masallaci ranar idi. Maƙwabtanmu na Nijar sun ɗauki kokawa da daraja, tun 1975 da aka fara gasar takobi a Tawa, ana zagayawa da ita jiha jiha. Ƙarfin jiki ni'ima ne, ba a so mumini ya zama ragon maza.

To, sai ƙaiƙayin, kuma ba zan ɓoye shi ba. Na farko, layu da guraye da tsatsube-tsatsuben da ake ɗaura wa 'yan wasa, har yaro ya ƙudurta cewa su ne ke kayar masa da abokin karo. Wannan ya taɓa aƙida, ba wasa a cikinsa. Na biyu, salla. Ana buɗe fili bayan azahar, la'asar ta wuce, magariba ta wuce, ba mai motsawa. Na uku, caca a kan wa zai yi kisa, da ƙwayoyin da ake sayarwa a gefen fili. Na huɗu, 'yan mata ƙanana da farantin talla a tsakiyar samari har tsakar dare, balle a wannan zamani da tsaro ya yi ƙaranci a ƙauyuka da dama na Zamfara da Katsina da Sakkwato. Shi kuwa dambe, ni ban ga yadda zan yarje wa ɗalibina shi ba, domin naɗe hannu ake yi da zare a nufi fuska, alhali Shari'a ta hana dukan fuska. Na san waƙoƙin Ɗan'anace na Shago suna motsa jinin duk wanda ya tashi a ƙasar nan, amma makaɗi ba ya biyan kuɗin asibiti.

Akwai kuma wanda ya shafi manya. Magidanci zai kai buhu kasuwa a kaka, lokacin da hatsi ya fi araha, ya je ya liƙe kuɗin a goshin maroƙi don a ambaci sunan kakansa. Idan damina ta yi tsakiya sai ka gan shi yana awo da tiya a kan tsada, kuɗin wata na Islamiyya ma sai an yi ta aike. Sau da yawa ma ba a fitar da zakka ba. Allah ya yi umarni a Suratul An'am, aya ta 141, a ba da haƙƙin amfanin gona ranar girbinsa. Nisabi wusƙi 5 ne, wato sa'i 300. Abin da ruwan sama ya shayar, ɗaya cikin 10 ake fitarwa, wanda aka sha wahalar ban ruwa kuwa ɗaya cikin 20. Wanda bai sallami miskini ba, da wace fuska zai sallami maroƙi?

Wani abokin aikina, wanda nake girmama iliminsa, yana ganin a toshe ƙofar gaba ɗaya, tunda ɓarnar ta yi yawa. Na fahimci hujjarsa, kuma toshe kafar ɓarna ƙa'ida ce sananniya a mazhabarmu ta Malikiyya. Sai dai shekara nawa muna toshewa da baki, yara suna fita ta taga? Game da kayan kiɗa malamai sun yi saɓani tun da, ba kuma a wannan ɗan shafi za a warware shi ba. Amma waƙa mai ma'ana, magabatanmu da ita suka yi aiki. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, da waƙoƙi ta karantar da matan ƙauye ta hannun jajis na 'Yan Taru. Imfiraji ta Aliyu Namangi ta shiga gidajen da wa'azi bai shiga ba. Su ba su bar dandali ga wasu ba, shiga suka yi da abin da ya fi.

Saboda haka ga shawarata ga hukumar makaranta da ƙungiyar iyaye. A ware mana yini biyu bayan an gama yankan dawa, mu yi namu taron kaka a filin makaranta, daga hantsi zuwa azahar. Ranar farko manyan ɗalibai su yi gayya a gonar wani gajiyayye da mai unguwa zai nuna, a kuma auna zakka a gabansu su ga yadda ake yi. Rana ta biyu a yi musabaƙar karatu, da gasar zayyanar allo da rubutun ajami, da waƙen da ɗalibai suka tsara da kansu, da ɗan wasan kwaikwayo. Maza su yi tsere da langa da kokawa, da sutura cikakkiya, ba laya ba caca, dattawa ne alƙalai. Mata su yi nasu a ɓangarensu tare da malamansu mata. A gayyato masu saƙar zana da masu zanen ƙwarya su koya wa yara. Ba sai an kashe wani kuɗi ba, kowane gida ya kawo tiya ɗaya ta gero a dama kunu.

Ku kuma iyaye, in yaro zai je gona a sanar da mu, za mu rama masa darasi. In ya ce ya tafi makaranta, a riƙa duba allonsa da littafinsa da daddare. Ku kuwa ɗalibaina, ku riƙe wannan ma'auni: duk wasan da ya ci muku salla, ko ya sa kuka yi wa iyaye ƙarya, ya fita daga wasa.

Shi dattijon nan na riga na je har gida na gaya masa wannan shawara. Ya ce in dai an amince, shi ne zai yi alƙalancin kokawa. Saura ku. Muna jiran ku a taron iyaye mai zuwa, mai goyon baya da mai suka, kowa ya zo da hujjarsa.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare ni ne. Allah ya sa albarka a abin da muka girbe, ya shirya mana zuriya, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.