Injiniya a Bakin Jakara

Ranar da na shaida wa baffana cewa na daina yawon kai takardun neman aiki kamfanonin mai, zan koma harkar shara da magudanar ruwa da wutar sola, yana zaune a rumfarsa ta kayan fata a Kasuwar Kurmi. Ya ajiye jakar da yake gogewa, ya dube ni daga sama har ƙasa, ya ce, "Yanzu ɗan nan, shekara biyar ɗin da muka yi muna biya maka kuɗin jami'a, ashe ta kwata ce?" Maƙwabtansa suka bushe da dariya. Na sunkuyar da kai na ce, "Allah ya huci zuciyarka, Baffa," domin ba a ja-in-ja da babba a bainar jama'a. Wannan rubutu shi ne amsar da na haɗiye a ranar, kuma ba Baffa kaɗai nake nufi da ita ba.

Da'awata ita ce: matashin da ya karanta injiniyanci a ƙasar Hausa, yake son gina rayuwarsa a kan aikin ci gaba mai ɗorewa, to wurin aikinsa na farko shi ne kasuwa irin ta Kurmi da kogi irin na Jakara. Mutane iri uku ne ke tare masa hanya: masu ganin aikin ƙasƙanci ne, da masu mayar da shi taron otal, da masu cewa a koma zamanin kakanni a huta. Zan bi su ɗaya bayan ɗaya.

Na farko su ne irin su Baffa, waɗanda a wurinsu injiniya shi ne mai farar hular kwano a Fatakwal, ko mai ofis a Abuja. Ina roƙonsu su fito bayan rumfunansu su dubi Jakara. Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ya kafa wannan kasuwa a kurmin da ke bakin Jakara, daga nan ma ta samo sunanta. Yau kurmin ya tafi, kogin kuma ya zama matattarar ƙazantar birni. An yi aikin rufe wani sashe nasa da kankare a shimfiɗa titi a kai, amma rufe ruwa ba ya tsarkake shi. Yana ci gaba da gangarawa, ya haɗu da rafin Getsi mai ɗauke da dagwalon masana'antun Bompai, har ya zube a madatsar Wasai. A kan hanyarsa manoman rani suna ban ruwan latas da alayyahu da shi, washegari kayan lambun su dawo cikin birni, mu saya mu ci. Masu bincike a jami'o'inmu sun sha auna wannan ruwa suna samun ƙarafa masu guba a cikinsa. Wa zai lissafa yawan ruwan da magudana za ta iya ɗauka a watan Agusta? Wa zai tsara tafkin tace dagwalo? Likita sai cuta ta kama mutum yake ganinsa. Injiniya shi ke iya tare ta tun daga bakin bututu. Idan wannan ƙasƙanci ne, to ban san me ake kira daraja ba.

Rukuni na biyu sun fi haɗari, domin suna sanye da rigar abokai. Kalmar ɗorewa ta shahara ne bayan 1987, lokacin da wani kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya ƙarƙashin Gro Harlem Brundtland ta ƙasar Norway ya bayyana ta da cewa mutanen yau su biya bukatunsu ba tare da sun cinye rabon na gobe ba. A 2015 aka amince da muradu 17 na ci gaba mai ɗorewa, a 2021 kuma Nijeriya ta yi dokar sauyin yanayi. Duk wannan alheri ne. Sai dai a wurinmu an samu wasu da suka mayar da kalmar jari. Na taɓa halartar wani taron kwana uku a wani otal, janareta na ruri a waje, na'urar sanyaya ɗaki na busawa a ciki, robobin ruwa sun cika tebur. Aka yi ta juya kalmomin Turanci, aka raba takardar shaida, aka ɗauki hoto, aka watse. Da na tambayi wani daga cikin masu jawabi inda Jakara ke ƙarewa, sai ya ce in aiko masa da tambayar a rubuce. Wannan tafarki yana koya wa sabon injiniya cewa gwanintarsa ita ce rubuta takardar neman tallafi, ya manta da ma'auni da lissafi. Ranar da mai ba da tallafi ya naɗe tabarmarsa, sana'ar ta mutu, domin ba ta taɓa samun abokin ciniki ko ɗaya ba.

A nan ne Kurmi ke da darasin da ba na jin an taɓa koya mana shi a aji. Lokacin da Bajamushe Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya tarar da birnin da tufafinsa rinannu ke kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Jar fatar akuyarmu ta ratsa Sahara har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko. Abin lura shi ne yadda sana'o'in suka sarƙu da juna. Majemi yana jima da bagaruwa. Marini, kamar na Ƙofar Mata, yana rini da baba da toka. Idan karofi ya tsufa, sai a kwashe katsin da ya kwanta a gindinsa. Magini ya ɗauki wannan katsi, ya haɗa da gashin da majemi ya kankare daga fata, ya zuba ruwan dafara, ya samu laso, wanda ake shafe soro da shi don kada ruwa ya ratsa, ake kuma daɓe cikin karofin da shi. Sharar mutum biyu ta zama kayan aikin na uku. Abin da manyan jami'o'in duniya ke koyarwa yau da sunan tattalin arziki mai kewayawa ke nan, Kanawa kuwa sun yi ƙarnuka suna yinsa, ba don an ba su tallafi ba, sai don akwai riba a ciki. Har gobe wannan hikima ba ta mutu ba: ɗan gwangwan yana bin lungu yana sayen tsohon ƙarfe, maƙeri yana narka gorar ruwa ya zuba tukunya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Injiniyan da ya raina waɗannan mutane ya raina malamansa.

Amma kada rukuni na uku su yi saurin tafa mini. Masu cewa a watsar da boko a koma gargajiya suna ƙawata jiya fiye da yadda take. Kasuwar da aka sayar da turkuɗi a cikinta, an sayar da bayi a cikinta. Birnin Rumfa kuma bai san leda ba, bai san batir ba, bai ɗauki miliyoyin mutane ba. Bagaruwa tana ɗaukar kwanaki kafin fata ta jimu, shi ya sa manyan majemu na Challawa da Sharaɗa da Bompai suke amfani da gishirin kuromiyam mai saurin aiki, wanda ragowarsa ke bin ruwa. Ba za a magance wannan da karin magana ba. Akwai sananniyar hanyar tsamo sinadarin daga ruwan jima a sake amfani da shi, mai masana'anta ya rage kashe kuɗi, kogi ya huta, amma sai wanda ya san ilimin sinadarai zai iya kafa ta. Haka ma batiran sola da suka cika gari: idan suka mutu, yara ne ke fasa su da hannu su narka dalma a tsakar unguwa. Wanda ya tuna ɗaruruwan yaran da gubar dalma ta kashe a Zamfara a 2010, ko da yake ta hanyar haƙar zinariya ce, ya san wannan ba abin wasa ba ne. Da tsohuwar zuma ake magani, gaskiya ne, amma sai an san awo.

Saura tambayar Baffa ta gaskiya, wadda ke ƙarƙashin dariyar: da me za ka ci abinci? Tambaya ce mai nauyi, kuma ba zan yi ƙaryar cewa hanyar shimfiɗaɗɗiya ce ba. Jari yana wuya, bashin banki ya fi ƙarfin mai farawa, ɗan kasuwa kuma ba ya sakin kuɗinsa sai ya gani da ido. Duk da haka gani ya kori ji. Tun 2018 hukumar samar da lantarki a karkara ta shigar da Kasuwar Sabon Gari cikin shirin bai wa rumfuna wutar sola, 'yan kasuwa na biyan kuɗin abin da suka sha. A 2019 aka ƙaddamar da tashar sola mai ƙarfin megawat 7.1 a Jami'ar Bayero, a 2023 kuma aka buɗe wata mai megawat 10 a Challawa. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, duk mai janareta ya zama mai sauraron maganar rana. Kowane ɗayan waɗannan ayyuka yana bukatar mai tsarawa, da mai kafawa, da mai gyara, shekara da shekaru. Matashin da zai ɗauki littafi ya bi layi guda a Kurmi, ya ƙirga ƙwan fitila da fanka da keken ɗinki, ya lissafa abin da kowa ke kashewa a kan mai kullum, ya zauna da shugabannin layin su tsara biya irin na adashi, ya riga ya fara sana'a. Abokan cinikinsa kuwa ba za su koma wata ƙasa ba idan shekarar kasafi ta ƙare.

Saboda haka ina da ƙorafi a kan jami'o'inmu. Ɗalibin injiniyanci yana shafe watanni a horon sanin makamar aiki na SIWES, da yawa suna ƙarewa da zaman jiran sa hannu a ofisoshin da babu aikin yi. Kundin bincikensa na shekarar ƙarshe yana shan ƙura a kan kanta. Me zai hana a tura shi kasuwa, a ce matsalar layi kaza ita ce jarrabawarka? Me zai hana majalisar COREN, mai yi wa injiniyoyi rajista, ta girmama wanda ya gyara magudanar unguwa kamar yadda take girmama wanda ya yi aiki a matatar mai? Hukumomin muhalli irin su NESREA da REMASAB ma ba su da abin da za su tilasta wa kowa idan babu masu ilimin da za su nuna yadda za a bi dokar.

Baffa, Allah ya ƙara maka lafiya. Kuɗin da kuka biya ba su faɗi a kwata ba. Fatar da kake sayarwa, da ruwan da jikokinka ke sha, da fitilar rumfarka, duk sun ratsa ta hannun wani injiniya, ko kuma sun lalace saboda rashinsa. Kasuwar nan ta ciyar da zuri'armu fiye da shekara 500. Idan 'ya'yanta masu ilimi duk suka juya mata baya, ba Bature ba ne zai zo ya yashe mana Jakara. Gobe da safe zan zo da littafina da ma'aunina, kuma da rumfarka zan fara.