Daga Allon Malam: Ɗaki Fes, Gota Cushe

 

Ranar Litinin ɗin da ta wuce, wani yaro a ajina bai zo makaranta ba. Da ya dawo na tambaye shi dalili, sai ya ce sun kwana asibiti da ƙanwarsa 'yar shekara uku. Ta ga gorar ruwa a bayan ƙofa ta kurɓa, ashe bilic ne na wanke ɗaki da uwarsu ta sayo a kasuwa. Allah ya yi da sauran kwananta. Wannan shi ya sa na ɗauki alƙalami a kan kayan goge ƙasa, da kuma inda suke ƙarewa bayan mun gama da su.

Mu da muka tashi a nan Anloga mun san yadda iyayenmu mata suke yi a da. In manja ya zube a siminti, sai a aiki yaro wajen kafintoci ya ɗebo garin katako, a barbaɗa, ya tsotse man, a share. In wanki ne, ga toka, ga sabulun salo, wanda Asantawa ke kira alata samina, da ake yi da tokar ɓawon koko ko na ayaba. Duk cikinsu babu mai zuwa a gorar roba. Ba kuwa ina cewa da ɗin babu laifi ba, domin garin katakon da ya yi saura a rafi ake juye shi, har aka mai da akasarin kafintocin Sokoban saboda aikin hanyar Oforikrom zuwa Asokwa.

Yau gidaje sun koma tayil, ga mopa, ga sabulun ruwa launi-launi, ga Dettol, ga bilic. Kowanne da gorarsa. Uwargida ta goge ɗaki ya yi fes yana ƙamshi, sai ta sheƙa ruwan bokitin a gota, gorar ma ta bi baya. To, ina gotar ta nufa? Rafin Aboabo da na Sisa, su kuma su kai kogin Oda, inda wasu bayin Allah ke ban ruwan lambu. Kumfa na tafiya da ruwa, amma roba ba ta ruɓewa. Tana nan tana jiran damina ta toshe gada, ruwan ya dawo mana har cikin ɗakin da muka goge.

Wanda ya ɗauka wasa ne ya tuna daren 3 ga Yuni 2015 a Ankara, sa'ad da ambaliya da gobarar gidan mai suka haɗu a Kwame Nkrumah Circle, mutum wajen 150 suka rasu. Toshewar magudanai na cikin abin da aka ɗora wa laifi. Kafin nan, a 2014, kwalara ta kama mutum fiye da 28,000 a ƙasar nan, har gwamnati ta ware Asabar ta farko a kowane wata don aikin gayya na tsafta. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Su ma masu sana'ar akwai nasu. 'Yan'uwanmu mata da suka koyi haɗa sabulun ruwa suna rufa wa kansu asiri, muna kuma yi musu fatan alheri. Amma don Allah a daina zuba shi a gorar lemo ko ta ruwan sha ba tare da rubutu ba. Manyan kamfanoni kuwa, mai kwalbar lemo yana karɓar kwalbarsa in an shanye. Me zai hana mai sabulu ya karɓi gorarsa?

Kafin su amsa, ga abin da ke hannunmu. Na ɗaya, a nemi galan guda, a rubuta sunan abin da ke ciki, in ya ƙare a kai a sake cikawa. Na biyu, a auna da murfi. Yawan kumfa ba shi ne tsafta ba, santsi kawai yake bari, ga ɓarnar sidi. Na uku, kada a kuskura a gauraya bilic da ruwan wanke masai mai asid, domin iskar da ke tashi guba ce mai shaƙe numfashi. Na huɗu, a ajiye su sama inda hannun yaro ba ya kai. Na biyar, gorar da ta gama aiki a ɗauraye ta, a ba masu tsintar roba, su samu na koko, mu samu gota a buɗe.

Ina roƙon sarakunanmu na Zango da limamai da 'yan'uwana malamai su riƙa tuna wa jama'a wannan. Muna cewa tsafta cikon addini ce, to kada tsaftarmu ta tsaya a bakin ƙofa. Ni dai na fara da ajina: galan ɗaya muke da shi, an rubuta masa suna da jan fenti, yana kulle a kabad.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.