Aikin da Ake Yi wa Itace Kafin a Shafa Masa Mai

Duk wanda ya saurari garayar Kassu Zurmi, ko kotson da Ibrahim Narambaɗa na Tubali ya riƙa yi wa Sarkin Gobir na Isa waƙa da shi, hankalinsa kan tafi ga fasahar makaɗin da zaƙin muryarsa, alhali kuwa akwai wanda ba a ambatonsa, wanda da ya yi sakaci da aikinsa, da kayan kiɗan nan ba su yi amon da ya game ƙasar Zamfara ba, wato masassaƙi.

A ganina, alherin ƙoƙon garaya ko na molo duka yana cikin wahalar da ake sha kafin mai ya taɓa shi. Masassaƙi na ƙwarai, bayan ya zaɓi gungume marar gaɓa da ruɓa, yakan rage shi da gatari, ya rarake cikinsa da gizago, sa'an nan ya ajiye shi a inuwa ya bushe sannu a hankali, domin ɗanyen itace yana tsukewa yayin da ruwansa ke fita, idan kuwa rana ko iskar hunturu ta gaggauta masa, waje ya bushe ciki bai bushe ba, sai ya tsage. Bayan haka ake kankare shi da wuƙa, ana ƙwanƙwasa shi ana saurare, har kaurin bangonsa ya daidaita, a goge shi da sanfefa bisa tsawon jijiyar itacen, a kuma lallashi bakinsa musamman, saboda nan fata za ta kwanta, kuma ƙaramin kaifi ya isa ya yaga ta. Mai, ko na kaɗanya ne, ba ya gyara kuskure. Hasali ma fito da kowane sawun gizago yake yi. Masu ƙera jita a ƙasar Sifen ma sukan ajiye katako shekaru kafin su taɓa shi.

Abin takaici, yau sai ka ga an sassaƙa ɗanye, an cike tsaga da garin katako da gam, an lafta masa fenti mai ƙyalli, wanda ke danne amo ya kuma tsare laima a ciki. Malaman fiƙihu sun kira ɓoye aibin haja algus, sun ba mai saye haƙƙin mayarwa, ban kuwa san dalilin da zai fitar da kayan kiɗa daga wannan hukunci ba, ko mene ne ra'ayin mutum game da kiɗan kansa.

Amma adalci ya wajabta a faɗi uzurin masassaƙa. Dazuzzukan Dumburum da Sububu sun zama mafakar 'yan bindiga, masu gawayi sun cinye manyan itatuwan kusa da gari, wanda ya sami gungume da ƙyar kuwa, ga iyali, ga kasuwar Shinkafi ranar Alhamis, yaya za a ce ya jira wata da watanni?

Saboda haka nake roƙon Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda, wadda aka kafa a 1983, ta gayyato dattawan masassaƙan da suka rage, a rubuta iliminsu tun suna raye, a kuma gina musu rumfar busar da itace, inda mutum zai kai ɗanye ya karɓi busasshe a kan kuɗi kaɗan.